Matuƙin jirgin da ke auna riɗi a Dawanau (zare) 🧵

1/ Ƙanena ya gama sakandare bana, ya ce shi fa tuƙin jirgin sama zai karanta. Baba bai tanka masa ba. Da daddare sai ga kiransa a waya: "Kai da kake jami'a, in aka sayar da gonar bakin rafi, za ta isa?" Tun ranar barcina bai yi daɗi ba. Zaren nan dogo ne, ku yi haƙuri da ni.

2/ Mu mutanen wajen Dambatta ne. Wanda ya san yankinmu ya san ƙasa ba ta hutu. Gona na jingine da gona, gida na kallon gida. Gero, dawa, wake, gyaɗa, duk a fili guda, kowace damina. Abin da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma sha ne suka raba. A wurinmu wanda ya sayar da gona da wuya ya sake mallakar wata.

3/ Kuma ba yau muka fara jin wannan maganar a gidanmu ba. An taɓa yi.

4/ Ina da yaya, ɗan Baffana. Shekarun baya Baffa ya sayar da gonaki biyu da shanun huɗa, dangi suka yi karo-karo, aka tura shi waje ya koyo tuƙin jirgi. Ya gama lafiya, ya dawo da lasisi. Ranar da ya sauka har da 'yan acaɓa aka je tarbarsa a bakin titi. Daga ranar sunansa ya ɓace, kowa Kyaftin.

5/ Shekara huɗu yana zaune a ɗakin abokinsa a cikin Kano yana kai takardu. Legas ya je, Abuja ya je. Ko'ina amsa guda: awanninka sun yi kaɗan, kuma ba ka da horon jirginmu.

6/ Bari in fassara wannan amsar, don a nan yawancinmu muke faɗawa rami. Mu a tunaninmu lasisin jirgi kamar na mota ne: ka samu, ka hau kowace mota. Ba haka ba ne. Lasisin da makaranta ke bayarwa, da awanni wajen 200 a sama, a kan ƙananan jirage ake samunsa.

7/ Kafin ka zauna a gaban Boeing 737 ko Embraer sai ka yi wani horo daban na wannan nau'in jirgin kaɗai, wanda suke kira taif-retin. Yawanci a waje ake yi, a na'urar kwaikwayon tuƙi, kuma da dala ake biya. Dala dubu ashirin ba abin mamaki ba ne.

8/ Yi lissafi da kanka. A 2015 dala tana wajen naira 200 a farashin gwamnati, wato kusan miliyan 4. A 2024 ta haura 1,500, wato miliyan 30. Horo ɗaya, jirgi ɗaya. Buhun gero nawa ke nan? Ni dai na fara lissafawa na bari.

9/ Babban lasisin da ke ba ka damar zama kyaftin na gaske a jirgin fasinja kuwa sai ka tara awa 1,500. Ba za ka tara awanni ba sai an ɗauke ka aiki, ba a son ɗaukarka sai kana da awanni. Kaza da ƙwai.

10/ Sannan lasisin ba ya zama a akwati ya jira ka kamar digiri. Gwajin lafiya duk shekara. Izinin tuƙi da na'ura cikin gajimare sai an sabunta. In ka yi kwana 90 ba ka tashi ka sauka sau uku ba, ba ka da hurumin ɗaukar fasinja sai ka sake. Duk kuɗi ne. Mai zaman jira kullum baya yake ci, yana ji yana gani.

11/ Kar a ce labarin gidanmu ne kawai. Kanawa kun tuna matasa 100 da gwamnatin Kwankwaso ta tura Mideast Aviation Academy a Amman ta ƙasar Jodan su koyi tuƙin jirgi. Sun dawo wajen 2015. Wasu sun samu shiga kamfanoni, alhamdulillahi. Da yawa wannan katangar ta taif-retin ce ta tare su shekara da shekaru. Jaridu sun ɗauko labarin wanda ya koma ɗinki a cikinsu.

12/ Kafin 'yan jar hula da 'yan adawarsu su cika min ƙasan zaren nan: ba faɗan siyasa na zo yi ba. Tura ɗan talaka karatu alheri ne. Tura shi ba tare da lissafin matakin ƙarshe ba, gyara ne da ya kamata kowace gwamnati ta koya, kowace iri ce hularta. Shi ke nan, mu wuce.

13/ Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka karɓi labarin telan. Raha aka mai da shi. "Daga sama zuwa keken ɗinki." Wasu kuma suka yi ta kuka kamar an yi rasuwa. Ni a ganina duka biyun cin fuska ne. Mutum ya ƙi zaman banza, ya kama sana'a yana ci da iyalinsa, mu kuma muna masa ta'aziyya.

14/ Wannan kallon namu shi ya zaunar da Yaya shekara huɗu, ba rashin aiki kaɗai ba. An yi masa tayin koyarwa a wata makarantar kuɗi, ya ƙi. An ce ya zo ya riƙe lissafin wani shago, ya ƙi. Me za a ce a gari? Kyaftin da alli a hannu? Ko Sallah ya daina zuwa gida, don kar a tambaye shi yaushe zai ɗauki mutanen gari zuwa Makka.

15/ Inna, mahaifiyarsa, ita ta karya abin. Ta aika a ce masa: "Ni ban haifi jirgi ba, ɗa na haifa. Ka zo in gan ka."

16/ Ga abin dariya a ciki. Su matuƙa doka ce a wurinsu, in yanayi na da shakku ba a tashi sai an rubuta filin da za a karkata in na farko ya ƙi, kuma an ɗauki man da zai kai can da rara. Lokacin hunturu in ƙura ta rufe filin Malam Aminu Kano ai kuna ji ana cewa an karkatar da jirgi. Ba wanda ke cewa matuƙin ya gaza. Amma a rayuwarsa ta kansa, mun hana shi ya karkata.

17/ Kuma harkar jirage a ƙasar nan ba ta taɓa zama wurin da mutum zai jingina ya yi barci ba. Tun 1925 jirgi ya sauka a nan Kano, muna alfahari da hakan. To ina Nigeria Airways? An rufe a 2003. Ina Kabo Air da iyayenmu suka sani a jigilar alhazai? Ina IRS? A 2020 korona ta ajiye jirage wata da watanni. Har kyaftin mai awa dubu goma ya ɗanɗana zaman gida.

18/ Ko komai ya tafi daidai, likita na iya ajiye ka rana ɗaya saboda zuciya ko ido. In ka tsallake wannan, shekara 65 dole ka sauka daga jirgin fasinja. Wato kowane matuƙi, komai daɗewa, sai ya yi rayuwa a ƙasa. Tambayar kawai ita ce da me zai yi ta.

19/ In aka yi wannan maganar sai a kawo maka Kyaftin Idris Wada da ya yi gwamnan Kogi daga 2012 zuwa 2016, ko Hadi Sirika na Katsina da ya yi majalisa ya yi minista, ko Rajiv Gandhi da ya bar tuƙi a Indian Airlines ya zama firaministan Indiya a 1984. Gaskiya ne. Amma don Allah kar a yaudari ɗan manomi da wannan. Kujerun nan ba a cike fom a same su.

20/ Bari in gaya muku inda Yaya ya ƙare. Dawanau.

21/ Wani abokinsa na sakandare yana harkar riɗi da zoɓo a kasuwar, yana tara wa masu fitarwa waje. Ya ce masa ya zo ko rasit ya riƙa rubutawa. Ya je a ɓoye. Watanni uku ba wanda ya sani a gida.

22/ Satin farko ya ga yadda ake aiki: komai a ka. Wane ya kawo buhu kaza daga kasuwa kaza, an auna, an zuba a sito, an cakuɗa. In mai saye ya dawo da kaya ya ce da danshi ko da tsakuwa, sai a hau rantse-rantse, ba a san buhun wa ya ɓata sauran ba.

23/ Sai ya ɗauko abin da aka horar da shi a kai. Ya rubuta jerin dubawa a kwali ya manna a ƙofar sito. Kafin buhu ya shiga: daga wane gari, wa ya kawo, nauyi, danshi, an tankaɗe ko ba a tankaɗe ba, an sa magani, wane iri, yaushe. Kowane buhu da lambarsa. Mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, ɗaya ya amsa, kamar yadda matuƙa biyu ke yi kafin tashi.

24/ 'Yan dako suka yi ta masa tsiya. In ya doso sai ka ji "a ɗaura bel, Kyaftin zai tashi da riɗi." 😂

25/ Ba zan ce muku ya zama miloniya ba, bai zama ba. Amma ranar da aka dawo musu da wani kaya, cikin minti kaɗan ya buɗe littafi ya nuna buhunan da matsalar ta fito da wanda ya kawo su. Asarar ta tsaya a kan buhu kaɗan maimakon mota guda. Yanzu shi ke kula da sito uku da lodin motocin da ke tafiya Legas, kuma masu saye sunansa suke nema.

26/ In kuna ganin ƙaramin abu ne, ku tuna a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari na dichlorvos da aka samu a ciki, irin wanda muke kira piya-piya. Wakenmu ba shi da laifi. Rashin mai tsayawa ya ce "wane magani, nawa, yaushe" kuma ya rubuta, shi ya ja mana.

27/ Wannan jerin dubawar ma asalinsa daga hatsari ya fito. A 1935 wani sabon jirgin yaƙi na Boeing ya faɗi a wajen gwaji a Amurka, ba don injin ya lalace ba, sai don ƙwararrun matuƙa sun manta sakin makulli guda. Daga nan aka ce ƙwaƙwalwa ba abin dogaro ba ce, a rubuta.

28/ Likitoci sun ara. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin dubawa na ɗakin tiyata, daga darasin jiragen sama. A Ingila akwai wani matuƙi, Martin Bromiley, da matarsa ta rasu a 2005 wajen ƙaramin aikin tiyata. Bai tsaya a neman wanda za a kora ba. Ya kafa ƙungiyar da ke koya wa ma'aikatan asibiti yadda ƙaramin ma'aikaci zai iya ce wa babba "tsaya, akwai matsala" kuma a saurare shi.

29/ Ku ɗan tsaya a kan wannan. A jirgi ana koya wa mataimaki ya ƙalubalanci kyaftin in ya ga kuskure, ana koya wa kyaftin ya ji. Mu kuwa an tashe mu a kan yaro ba ya gyara wa babba. Tarbiyya ce mai kyau a zaure. A ɗakin tiyata, ko gaban tanka, ko bakin ruwa, tana iya cin rai.

30/ Mu 'yan arewacin Kano ba mu manta da Bagwai ba. Ƙarshen Nuwamba 2021, kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari da mutanen Badau, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Aƙalla 29 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Abin da aka fi ambata shi ne lodi ya yi yawa.

31/ Lissafin nauyi da daidaiton lodi darasi ne da kowane ɗalibin tuƙin jirgi ke rubuta jarrabawa a kai. An horar da shi ya ce "ba za mu tashi ba" ko da mai kuɗi na tsaye a kansa yana huci. Muna da irin waɗannan mutane a gari suna zaman jira, muna kuma da mashigai da tashoshin mota da ma'aikatu da ba mai faɗin wannan kalmar. Ni wannan ne ke ci min rai.

32/ Ita kanta gwamnatin tarayya ta gane haka. A 2022 aka mai da hukumar binciken hatsarin jiragen sama ta zama NSIB, aka faɗaɗa aikinta har jiragen ƙasa da na ruwa. Wato salon bincike na 'yan jirgin sama, na gano dalili don kar a sake, shi ake so a kai sauran wurare.

33/ To a ina matuƙi zai iya shiga? Ni dai wuraren da na gani da idona ko na ji daga bakin Yaya: jami'in kiyaye haɗurra a masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai. Tsara zirga-zirgar manyan motoci, inda sanin awa nawa direba zai yi kafin gajiya ta fara tuƙa shi ke da amfani. Sito da fitar da kaya waje, inda Turanci da iya cike takardu ba ƙaramin jari ba ne.

34/ Sai koyarwa. Wanda ya ci jarrabawar yanayi, taswira da ka'idar tashin jirgi zai koyar da fizis da lissafi da jogirafi yaro ya ga abin a zahiri. Ka kwatanta irin wannan malamin a Kwalejin Kimiyya ta Dawakin Tofa. Matsalar albashi ce, kuma ba zan yi ƙarya in ce ba matsala ba ce. Ba ya sabunta lasisi, da ƙyar yake kai wata.

35/ Masu cewa jirgi maras matuƙi don feshin gona, na ji ku. A Kadawa ko filayen noman rani na Watari, wataƙila. A gonakinmu na tudu da ba su fi ka jefa dutse ya wuce iyaka ba, ga bishiyar gawo da ɗorawa a tsakiya, sai dai in manoma sun haɗu ƙungiya. Kuma sai da izinin hukuma. Ba kuɗin da ake kwasa a ƙasa ba ne kamar yadda 'yan TikTok ke nunawa.

36/ Wani abu kuma, don kar in zuzuta Yaya da yawa. Da damina yakan duba hotunan tauraron ɗan'adam a waya ya kira Baffa: "Baba, kar a watsa taki yau, hadarin gabas zai iso kafin Isha, zai wanke shi." Sau da yawa yana dacewa. Amma da ya gwada faɗin ranar da za a yi shuka, ya sha ƙasa. Ruwa ya ɗauke sati biyu, iri ya ƙone. Baffa ya ce masa, "Kai ka san saman yau, ni na san na shekara." Tun daga nan hasashen damina na NiMet yake karanta musu, ya bar su su yanke.

37/ Na san abin da wasu za su ce: asara ce. An kashe miliyoyi mutum ya ƙare a auna riɗi, abin da mai difloma zai yi. Ban musa ba. Gonakin Baffa ba su dawo ba, wani ɗan kasuwa daga birni ke noma su yanzu, kullum sai mun wuce ta gefensu. Da an san haka da ba a sayar ba.

38/ Amma kuɗin sun riga sun tafi. Shekara huɗun da ya zauna yana gadin sunan Kyaftin ba su dawo da ko kunya ɗaya ta gonar ba, sai ma ƙara bashi. Asara ta biyun nan mu muka jawo ta da bakinmu, mu 'yan "yaushe za ka fara tashi?"

39/ Kuma kama wata sana'a ba rufe ƙofa ba ne. Max Air, Rano Air, duk na yankinmu ne, kuma ana ɗaukar mutane jefi-jefi. Wanda ke da abin yi shi ke iya biyan gwajin lafiya, ya ɗan tara na taif-retin. Yaya yana da asusun da ba ya taɓawa. Na tambaye shi ko har yanzu yana sa rai. Ya ce in jirgi ya wuce ta saman Dawanau har yau sai ya ɗaga kai, 'yan dako su yi ta dariya. Daga nan ya canza magana.

40/ To me na ce wa Baba? Na ce kar a sayar. Kuɗin gonar bakin rafi ko rabin lasisin farko ba za su kai ba, balle abin da ke bayansa. Kuma daga ita muke samun tumatir da albasar rani da ke biyan kuɗin makarantata da na 'yan mata biyu.

41/ Na ce yaron ya rubuta JAMB, ya nemi digiri a injiniya ko fizis ko nazarin yanayi tukunna. Ya gwada NDA a Kaduna, in Allah Ya sa ya faɗa sojan sama kuma aka zaɓe shi, gwamnati ce za ta koya masa tuƙi, akwai makarantarsu ta horon tuƙi a nan Kano ma. NCAT Zariya tana nan tun 1964, ba inda za ta, in an samu mai ɗaukar nauyi. Kuma duk wanda ya ce zai ɗauki nauyi, gwamnati ko attajiri, a tambaye shi tun farko: har da taif-retin?

42/ Ƙanena ya daina ɗaga wayata. Ya tura min saƙo guda: "Yaya, kai ma baƙin ciki kake min." Wallahi ya yi min zafi, don ni na saya masa hoton jirgin da ke manne a bangon ɗakinsa.

43/ Na kira Yaya na Dawanau na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce ranar Lahadi zai shigo kasuwar Dambatta duba riɗi, daga nan zai ƙarasa gida. Ya ce in gaya wa yaron ya jira shi, zai zo masa da littafin awanninsa da rasit ɗin duk abin da aka kashe, su zauna su biyu, ba Baba ba ni.